Ranar Da Na'ura Za Ta Gane Gatse

Yaro ya fasa tulu, uwarsa ta ce, "Sannu da aiki!" Shi ya san ba yabo ba ne. Kwamfuta kuwa yabo za ta ɗauka, domin kalmomi take karantawa, ba ta ga fasasshen tulun ba.

Yanzu masana na koya mata gane gatse a harsuna daban-daban, don a tace cin mutunci a kafafen sada zumunta. Niyyar mai kyau ce. Sai dai gatse mafakar mara ƙarfi ce. Talakan da ya rubuta "Allah ya saka wa gwamnati da alheri" ranar da fetur ya ƙara tsada, ya faɗi abin da ke ransa, kuma ya kwana a gidansa.

Ranar da na'ura ta gane nufinsa, wa za ta kai wa sunansa?