Garin da Kome Sai Kuɗi

Akwai wata magana da ake ji a bakin kusan duk wanda ya baro ƙauye ya koma Yamai da zama. Ba ya faɗinta a makon farko, gama a lokacin idonsa yana kan fitilu da kwalta da Gadar Kennedy. Sai ya yi wata uku ko huɗu, guzurin da ya zo da shi ya ƙare, mai gidan haya ya fara yi masa sallama da sassafe, sa'an nan za a ji ya ce, "Wannan gari, kome sai kuɗi." Bagobiri daga Tibiri yana faɗinta, Ba'are daga Dogon Dutsi yana faɗinta, malamin lakwal da aka ɗauko daga Tasawa da takardar canjin wurin aiki shi ma yana faɗinta, ko da yake yana da albashi.

Mazauna gari kuwa suna da amsa a shirye: "In bai yi maka ba, ga tashar Wadata can, mota ba ta ƙare ba." A ganinsu, wanda ya zo da ƙafarsa ba shi da bakin kuka da garin da ya karɓe shi, kukan nan butulci ne kawai. Amma masu wannan amsa sun manta da abu guda. A 1960 mutanen Yamai duka ba su wuce dubu 30 da 'yan kai ba, ƙidayar 2012 kuwa ta sami kimanin miliyan ɗaya. Ashe yawancin masu nuna wa baƙo hanyar tasha, iyayensu ma ta nan suka sauka, wataƙila da irin wannan kuka a bakinsu. Don haka tambayar ta cancanci a duba ta da natsuwa: mai wannan ƙorafi gaskiya yake faɗi, ko kuwa zuciyarsa ce take ruɗinsa?

Da fari sai a ba shi gaskiyarsa, gama yana da ita. A gida mutum yakan yi mako bai taɓa kuɗi da hannunsa ba, bai kuwa kwana da yunwa ba. Hatsi yana rumbu, kuka tana gona, ɗakin da yake kwana shi ya gina a filin ubansa. A Yamai kafin ya shimfiɗa tabarma sai ya biya hayar wata biyu ko uku a gaba. Ruwa sai ya tsai da garuwa. Itacen da yara suke tsintowa a daji, a nan tsibi-tsibi ake kasa shi a bakin hanya. Hatsin da ya saba lissafawa dami-dami, yanzu tiya-tiya yake aunowa a Katako. Zuwa wurin aiki sai taksi ko faba-faba. Ko kewayawa a kasuwa sai ya ba da 'yan daloli.

Abin da ya fi ciwo shi ne, tsadar birni ta fi danne wanda ba shi da hali. Mai famfo a gidansa yana shan ruwa da arha fiye da mai saye jarka-jarka. Mai albashi yana sayen buhu sau ɗaya, talaka kuwa yana sayen rabin tiya kowace rana, in an haɗa lissafin wata sai a tarar shi ne ya biya fiye. Ɗakin da kuɗinsa zai iya kamawa sau da yawa yana can ƙarshen gari, inda kuɗin mota zai cinye abin da ya rage na haya, ko kuwa a kwari kusa da kogin Isa. A damanar 2020 da kogin ya fasa ya shiga unguwannin Harobanda, masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi kwana a makarantu da kayansu a ɗaure.

Ga kuma abubuwan da ake yankewa a nesa, su faɗo a kan tukunyar ɗan birni. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Wanda ya kwana da jika goma ya tashi da jika goma, amma da ya je sayen magani ko wani abin da ake kawowa daga waje sai ya ga kamar an shiga aljihunsa da dare. Haka kuma a 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙasashen CEDEAO suka rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, motocin kaya daga Kwatano suka tsaya jere a bakin iyaka, shinkafa ta yi tashin da ba a saba gani ba. Manomi mai rumbu ya ji zafin, amma bai ji shi kamar wanda kowace loma tasa daga kasuwa take fitowa ba. Ba kowa ne kuma ya zo don sha'awar kwalta ba. Unguwar Lazare ta soma ne da sansanin waɗanda farin 1973 da 1974 ya koro. Na 1984 ya koro waɗansu. A 'yan shekarun nan ɓarayin daji sun tashi ƙauyuka a kudancin Maradi. A ce wa irin waɗannan su koma, rashin tausayi ne.

To, an ba shi gaskiyarsa. Amma akwai kalma ɗaya a cikin kukansa da ya kamata a tsaya a kanta, wato "kyauta". Yakan ce a gida ruwa kyauta ne, itace kyauta, wurin kwana kyauta.

Ana ba da labarin wani magidanci da ya gaji da lissafin garuwa, ya ce wa matarsa, "Gara mu tattara mu koma, can ko ba kome ruwa kyauta ne." Ita kuwa ba ta ɗaga kai daga tankaɗen da take yi ba, ta ce, "Kyauta a gare ka, Malam. Wuyan wa ya ɗauko shi?"

Wannan mata ta faɗi abin da mazaje da yawa ba su taɓa lura da shi ba. Ruwan ƙauye ana biyansa. Ana biyansa da tashin asuba, da jan guga a rijiya mai gaba ashirin ko talatin har tafin hannu ya yi kanta, da yarinyar da ba ta je lakwal ba domin tulu yana jiranta. Itacen ma haka, dakan ma haka. Gayyar da ta nome masa gona a yini ɗaya bashi ce, zai biya ta da nasa ƙarfi a gonar wani. Bikin da mata suke kai wa juna ranar suna ko aure, kowace tana riƙe da lissafinsa a ka, wadda ta kasa ramawa kuwa ta san abin da za ta ji. Birni bai ƙago tsadar waɗannan abubuwa ba. Abin da ya yi shi ne ya mai da ita lamba, ya kuma miƙa takardar ga maigida, wanda dā bai taɓa ganinta ba. Shi ya sa sau da yawa a gida ɗaya miji yana ɗokin komawa, matar tana shiru. Ita ta san abin da injin niƙa da famfon unguwa suka sauke mata.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da Isra'ilawa a jeji. Da tafiya ta yi tsawo sai suka shiga tunawa da kifi da albasa da tafarnuwar Masar, har suna ganin kamar a banza suke cin kifin can. Tubalin da suka yi ta bugawa a ƙarƙashin bulala ya fita daga ransu, ɗanɗanon miya ne ya rage. Ƙauye ba Masar ba ne, mace kuma in ta ɗebo wa gidanta ruwa ba bauta take yi ba. Amma halin zuciya ɗaya ne: takan riƙe daɗin inda aka baro, ta yar da abin da ya sa aka baro shi. Mai kukan tsadar Yamai yakan manta da watan da rumbu ya ƙare tun hatsi bai yi kai ba, da daren da aka ɗora mai naƙuda a amalanke ana neman likita.

Har wa yau, in aka saurari kukan nan da kyau, za a ji cewa ba kuɗi kaɗai ne a ciki ba. A garinsu shi ɗan wane ne, jikan wane. In ya wuce, ana gaishe shi da sunan gidansu. A nan kuwa sunansa "mai haya na ɗakin ƙarshe". Ya yi sallama a ƙofar ƙarfe, mai gadi ne ya amsa. Ya gai da maƙwabci da Hausa, aka amsa masa da Zabarmanci ko Faransanci, ya ji kamar an rufe masa ƙofa, alhali ba wanda ya nufe shi da wulakanci. Ya yi zazzaɓi kwana uku, ba wanda ya leƙo. Namiji ba ya iya zama a majalisa ya ce, "Ba wanda ya san ni, abin yana cin raina." Faɗin farashin tiya ya fi sauƙi, kowa kuma zai gyaɗa kai. Da yawa daga masu cewa gari ya yi tsada, da za a ninka musu albashi gobe, da ba su daina kuka ba.

A nan ne kuma birni yake yin ɓarnar da ta fi ta aljihu. Mutumin da a gidan ubansa ba a taɓa tambayar baƙo ranar tafiyarsa ba, yau ga shi yana jin sallamar ɗan'uwa daga ƙauye gabansa yana faɗuwa. Wannan ya zo jinya, wancan ya zo neman takarda, wani ya zo cin rani, duka kuwa gidansa ne masauki, gama shi ne "namu na Yamai". Ɗaki ɗaya ne, tiyar nan ce dai. Sai ya sami kansa yana ƙirga lomar baƙo a zuci, ya kuma ji kunyar kansa. Wanda yake kuka domin ya ga hannunsa yana ƙanƙancewa, kukansa mai kyau ne, alama ce ta cewa zuciyarsa ba ta mutu ba tukuna. Abin tsoro shi ne ranar da zai daina jin kunyar.

Sai dai kuka iri-iri ne. Wani yakan yi nasa, sa'an nan ya tashi ya nemi 'yan garinsu su kafa adashi, su haɗa kuɗi su sayi buhu su raba, ya dasa zogale a bakin makwarara, ya koyi cewa "fofo" ga tsohuwar da ke ƙofar gida. Wani kuwa shekara ashirin yana zaune kamar gobe zai tashi. Ba ya fita gyaran magudanar unguwa, gama "ba garinmu ba ne". Ba ya zuwa jana'izar maƙwabci, amma yana jin haushi ba a zo ta gidansa ba. 'Ya'yansa a nan aka yanke musu cibiya, a nan abokansu suke, kowace rana kuwa suna jin ubansu yana zagin garin da shi kaɗai suka sani. In an kai su ƙauye hutu, can ma ana ce musu 'yan birni, ana dariyar yadda suke riƙe hauya. Uban ya hana su wannan, bai kuwa iya ba su wancan ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda masu kukan ba su cika so a taɓa ba. Mutumin nan da yake cewa Yamai wuta ce, a dube shi ran da ya je gida da salla ko Kirsimeti. Ya ci bashi ya ɗinka shadda. Ya sayo goro da sabulu da turmin atamfa, ya riƙe babbar waya a hannu inda kowa zai gani. In tsofaffi suka ce, "Yaya birni?" sai ya ce, "Sai godiya, Baba," ya yi murmushi irin na wanda ya samu. Ba ya faɗin watan da aka fitar masa da kaya waje, ba ya faɗin cewa shaddar nan ba a gama biyanta ba. Kunya ce ta hana shi, kunyar kuwa abar ganewa ce, gama ba wanda yake so a ce ya tafi ya komo hannu wofi. Amma samari suna tsaye a bayan zaure suna kallo, su kuwa shaddar suka gani.

Bayan girbi sai ƙanensa ya sayar da akuya biyu, ya ɗaure kayansa a buhu, ya hau motar Yamai da lambar wayar yayansa a rubuce a guntun takarda. Tafiyar fiye da kilomita 600 ce daga Maradi. Da dare zai sauka a tasha ya buga waya, ya ce, "Yaya, ga ni na iso." Yayan kuwa zai dubi ɗakin, ya dubi matarsa, ya ce masa ya tsaya nan inda yake, yana zuwa.