Awon hayaƙi da hukuncin rinjayen zato

A watan Janairu, mai tsayuwa bakin titin Zariya a Rigachikun, daura da Cibiyar Malamai ta Ƙasa, abu biyu yake shaƙa a gauraye: hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, da hayaƙin tireloli da itacen girki da bolar da aka cinna wa wuta. Masana lafiya suna son sanin yawan kunkunniyar da ke ciki, domin ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, har can ƙuryar huhu suke kaiwa.

Awon yana da wuya. Ana zuƙo iska ta cikin wani farin faifan tacewa, a yanki guntu a sa a tanda. Da farko a gasa shi babu oksijin, kabon mai saurin tashi ya fita. Sannan a saki oksijin, baƙar kunkunniya ta ƙone. To amma wani kaso na farkon yakan babbake tun a tandar ya koma gawayi, ya saje da na biyun, sai an haska lesa kafin a san inda za a raba su. Hanyoyi biyu da aka tsara a Amurka, NIOSH da IMPROVE, sukan dace a jimillar kabon, amma a kason kunkunniya wata kan ninka wata daga faifai guda. Ƙurar hamada kuma tana zuwa da nata kabon irin na farar ƙasa, ta ƙara dagula lissafi.

Shi ya sa masani na gari ba ya rubuta lamba tsura, sai ya faɗi iyakar kuskuren da ke iya shiga cikinta. Wasu kan ji haka su ce ai ke nan ba a sani ba, a bari sai an tabbatar.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan. Sun bambanta yaƙini da rinjayen zato da shakka, suka ce a mafi yawan ayyuka rinjayen zato ya wadatar. Mai salla a Rigachikun ba a ɗora masa dacewa da ainihin ginin Ka'aba ba. Nahiyarta yake fuskanta bayan ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma ba a ba shi izinin jinkirta salla har ya samu tabbas ba. Abin da ya zama ha'inci shi ne a sayar wa jama'a zato da sunan yaƙini, ko a fake da shakka a ƙi yin abin da ya wajaba.

Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 2021. Ta mayar da mizanin ƙananan ƙwayoyin ƙura na shekara zuwa maikirogiram 5 a kowace kubik mita ta iska, amma ba ta yanka wa kunkunniya lamba ba, don hujjar ba ta kai ba. Duk da haka ta ce a riƙa auna ta a kai a kai, a kuma rage ta tun daga inda take tasowa, wato salansar tirela da murhu da juji.