Tsohon Tubali A Sabon Bango

Akwai wata 'yar majami'a a birnin Kantabari na ƙasar Ingila, ana kiranta da sunan Martin Mai Tsarki. Ita ce mafi daɗewa cikin majami'un Ingila da ake sujada a cikinsu har yau. Nan ne Sarauniya Barta takan je addu'a tun mijinta, Sarki Etelbat na Kent, yana bin gumaka. Da Agustin ya iso daga Roma a shekara ta 597 tare da abokan aiki wajen 40, a nan suka fara taruwa suna yi wa mutane baftisma.

Abin da ya kama hankalina shi ne bangonta. A tsakanin duwatsu ana ganin jan tubali, siriri, wanda Romawa suka gasa tun suna mulkin ƙasar. Magina sun tsinto shi daga kango suka jera. Ba su tsaya tambayar wane ne ya taɓa zama a inuwarsa ba. Hasumiyar da ke gabanta kuwa sai a ƙarni na 14 aka ƙara ta.

To, ya halatta a gina wa Allah ɗaki da abin da tsohon zamani ya bari? A shekara ta 601 Paparoma Girigori ya aika wa ma'aikatansa a Ingila da wasiƙa, ya ce kada a rushe ɗakunan tsafi masu ƙarko. A fid da gumakan, a tsarkake wurin, a kafa bagade, domin mutum ya fi saurin zuwa inda ƙafarsa ta saba.

Na daɗe ina jin daɗin shawarar nan, amma ba ta kwantar mini da rai sarai ba. Tubali ba ya tuna kome. Mutum ne mai tunawa. Wanda ya taɓa yanka kaza a wani lungu, in ya durƙusa nan gobe, Allah kaɗai ya san wa zuciyarsa take kira. Mu ma mun sha wannan gardama kan ganga da muryoyin waƙar gargajiya. Wani dattijo ya ƙi shiga sujada muddin ana kiɗa, don ya san inda ya fara jin wannan kiɗin. Jikarsa kuwa a majami'a ta fara jinsa, ba ta san masa wani gida ba.

Ina ganin Girigori saboda jikar ya yi magana. Amma dattijon ne ke zaune a gabana ranar Lahadi, in ya yarda ya shigo, kuma har yanzu ban iya ce masa tsoronsa banza ne ba.