Mintin da Yaro Ba Ya Mantawa

   

Yau nasiharmu a kan abu ne da muke gani ƙarami: ranar da yaro ya yi ido huɗu da babban mutum. Babban zai manta kafin ya shiga mota. Yaron kuwa zai iya tsufa da ita.

Mu fara daga Madina. Akwai wani sahabi, Mahmudu ɗan Rabi'u. Yana ɗan shekara 5 Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo gidansu, ya guntsi ruwa daga guga, ya fesa masa a fuska yana yi masa wasa. Shi ke nan abin da ya faru. Amma yaron nan ya girma yana ba da labarin, har Imamu Bukhari ya kawo shi a babin da ke bayani kan shekarun da ake karɓar abin da yaro ya ji. Ku duba wane ne ya yi wasan nan. Shugaban al'umma ne gaba ɗaya, wanda wahayi ke sauka gare shi, wanda ke raba gardama, yake tura runduna, yake karɓar baƙin ƙabilu. Duk da haka ya sami lokacin ɗan shekara 5.

Ga kuma Anas ɗan Malik. Mahaifiyarsa Ummu Sulaim ce ta kama hannunsa yana ɗan shekara 10, ta kai shi wurin Annabi don ya yi masa hidima. Ya yi shekara 10 a gidan, kuma ya shaida cewa ba a taɓa tsawatar masa a kan abin da ya yi ko abin da ya bari ba. Ƙanensa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Annabi da kansa ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun don ya sanyaya masa zuciya. Me wannan ya haifar? Anas ya yi tsawon rai, ya zauna a Basra, ya ruwaito hadisai sama da 2,000. Kuma bayan ya zama dattijo, in ya wuce yara suna wasa sai ya yi musu sallama, ya ce haka ya ga Annabi yana yi. Abin da aka yi masa yana yaro, shi ya riƙa yi wa yaran wasu.

Wannan ɗabi'a ce da Allah ya sa a zuciyar ɗan Adam, kowace ƙasa, kowane addini. A shekarar 1962, wani ɗalibin sakandare daga Koriya ta Kudu, Ban Ki-moon, wanda yaƙi ya kori iyalinsa daga gida yana ƙarami, ya ci wata gasa da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta shirya. Aka kai shi Amurka tare da ɗalibai daga ƙasashe da dama, suka ga Shugaba John Kennedy a fadar White House. Ya sha faɗa da bakinsa cewa wannan ziyara ce ta sa ya ƙudura zama jami'in diflomasiyya. A farkon 2007 ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya riƙe kujerar shekara 10. A watan Yuli na 1963 kuma, wani saurayi ɗan shekara 16 daga jihar Arkansas, maraya wanda mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, ya yi musabaha da Kennedy ɗin nan a lambun fadar. Sunansa Bill Clinton. Wata huɗu bayan haka aka kashe Kennedy, bai san abin da ya shuka ba. A watan Janairun 1993 saurayin nan ya shiga wannan fada a matsayin shugaban ƙasa. Ban kawo su don in ce duk aikinsu abin koyi ne ba. Na kawo su ne don ku ga nauyin musabaha guda.

To me ya sa haka? Saboda gani ya kori ji. Yaro yana jin sunan shugaba a rediyo, yana ganin hotonsa a bango, sai ya ɗauka wata halitta ce dabam. Ranar da ya gan shi kusa, ya ga yana gumi kamar kowa, ya ji ɗumin tafin hannunsa, sai wani abu ya faɗo masa a rai: ashe mutum ne, ashe ni ma zan iya. In kuma babban ya sunkuyo ya tambaye shi sunansa, sai yaron ya ƙara fahimtar cewa shi ma yana da daraja. Waɗannan biyu su ne jarin da yaro ke shiga duniya da shi.

Yanzu mu dawo gida mu tambayi kanmu. Wa bai taɓa gani ba? A fito da 'yan firamare tun hantsi, a jera su bakin titi da 'yan tutoci, ba ruwa ba inuwa. Rana ta take, wasu har jiri ya kwashe su. Can sai jiniya, motoci masu baƙin gilashi su wuce fuu, su bar su da ƙura. Wani lokaci a watso kuɗi ta taga, yara su yi ta wawaso suna tattake juna. Yaran nan ma sun ɗauki darasi ranar. Sun koyi cewa shugabanci shi ne jiniya, girma shi ne kada a gan ka, talaka kuma aikinsa jira da wawaso. Gobe in ɗayansu ya hau kujera ya yi haka, kada mu yi mamaki.

Ya ku shugabanni, ranku ya daɗe, daga mai unguwa da dagaci da hakimi har sarki, daga kansila har shugaban ƙasa: ku tuna Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa sun riƙe alli kafin su riƙe mulki. Dukansu sun fito daga Kwalejin Katsina, ɗaya ya koyar a Midil ta Sakkwato, ɗaya a Midil ta Bauchi. Tsayawa gaban yara ba ƙasƙanci ba ne. In kun je makaranta, ku sauko daga mota. Ku shiga aji, ku buɗe littafin yaro, ku tambaye shi me yake so ya zama, ku saurari amsar har ƙarshe. Ku hana dogarai da 'yan sanda korar yara da bulala. Shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Kuma kada ku yi wa yaro alkawarin da ba za ku cika ba, domin shi ba ya mantawa, Allah kuma yana ji.

Ku kuma iyaye, ku yi koyi da Ummu Sulaim. Ita ta zaɓi wurin da za ta kai ɗanta. Ku kai 'ya'yanku su gai da malamin da aka san shi da tsoron Allah, da alƙalin da bai karɓi toshiya ba, da likitar da ke kwana kan marasa lafiya. In an dawo gida, ku kula da abin da kuke yabawa. In kun ce wa yaro ka ga motarsa, ka ga shaddarsa, to mota da shadda zai nema ta kowace hanya. In kun ce ka ga yadda ya tsaya ya saurari tsohuwar nan, to wannan zai riƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kai kuma mai saurarona da kake cewa ai ni ba kowa ba ne: a idon wani yaro kai ne babban mutum. Yaron shagonka, almajirin da ke kawo maka ruwa, ɗiyar maƙwabcinka da ke leƙen yadda kike karatu. Yau in ka fita, yi wa yaro sallama kafin ya yi maka. Tambayi sunansa, ka riƙe sunan, gobe ka kira shi da shi.

Ya Allah ka shirya mana zuriya, ka ba shugabanninmu tausayin na ƙasa da su, ka sa mu zama abin koyi na alheri ga masu tasowa.