ƊAKIN ƊANƊANA GIYA DA KULOB ƊINTA: ME YA KAI MUSULMI?



Wannan tunatarwa ce ga 'yan uwanmu masu fita waje, ko karatu ya kai su, ko taro, ko kasuwanci. Duk wanda ya je Kef Tawun a Afirka ta Kudu zai ga kamfanonin yawon buɗe ido suna tallar zagayen gonakin inabi na Stellenbosch da Franschhoek. A Amurka kwarin Napa ne a jihar Kalifoniya, a Faransa yankin Bodo. Sau da yawa ma masu shirya taro ne ke saka ziyarar a cikin jadawali, sai ka ga bawan Allah ya shiga mota tare da abokan aiki, bai san inda aka nufa ba.

Ga yadda abin yake. Za a zaga da ku cikin gona, a nuna muku gangunan katako inda ruwan inabi ke kwanciya bayan yis ya juya zaƙinsa ya zama barasa. Daga nan sai ɗakin ɗanɗano. A jera kofunan gilashi, a zuba kala huɗu ko biyar, kaɗan-kaɗan, ana bayanin ƙanshi da shekarar girbi. A ƙarshe sai a miƙo takarda: ka shiga kulob ɗinmu, mu yafe maka kuɗin ɗanɗanon yau, mu yi maka rangwame, mu riƙa aiko maka da kwalabe har gida sau biyu ko huɗu a shekara. Abin da suke buƙata lambar katin bankinka ce kawai.

To, ɗan uwa, mu duba uzurorin da ake kawowa.

Na farko: "Ai kurɓa ɗaya ce, ba ta bugarwa." Hadisin Jabir da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya rufe wannan ƙofa, domin ya nuna duk abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Shari'a ta ɗora hukuncin a kan abin shan kansa, ba ta jira sai ka fara tangaɗi ba.

Na biyu: "Ai ba na haɗiyewa, tofarwa nake." Gaskiya ne akwai ɗan bokitin tofarwa a kan teburin. Amma ka koma Suratul Ma'ida, aya ta 90. Umarnin da ya zo game da giya na nisanta ne, kuma nisanta ta fi barin sha faɗi. Wanda ya guntsi abu yana juya shi a kan harshe, ta ina ya nisance shi?

Na uku: "Ni zama kawai zan yi, lemo zan sha." Tirmizi da Imamu Ahmad sun ruwaito hanin Annabi (SAW) ga mai imani da Allah da Ranar Lahira ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Malamai sun yi magana kan wanda lalura ta tilasta masa, kamar fasinjan jirgin sama da na kusa da shi ke sha. Shi kuwa ɗakin ɗanɗano don giya aka gina shi, kuma da ƙafarka ka taka ka shiga.

Batun kulob ya ma fi muni, saboda alkawari ne mai ɗorewa. A hadisin Anas da Tirmizi da Ibnu Majah suka kawo, mutum goma aka la'anta a kan giya, cikinsu har da mai sayenta, da mai ɗaukarta, da wanda aka kai wa ita. Ɗan kulob mai saye ne kuma wanda ake kai wa ne, duk lokacin da aka ciri kuɗi a katinsa, ko da yana tsaye a sahun sallah a wannan lokacin. Idan ka ce kyauta za ka riƙa yi wa maigidanka Bature, ka tuna mutumin da ya kawo wa Annabi (SAW) salkar giya a matsayin kyauta. Da ya ji an haramta ta sai ya so ya sayar, aka sanar da shi sayarwar ma haramun ce, sai ya buɗe bakin salkar ya zubar. Muslim ne ya ruwaito.

Masu cewa jan giyar inabi magani ce ga zuciya fa? Ɗariƙu ɗan Suwaid ya kawo wannan uzuri na magani tun a zamanin Annabi (SAW), aka ba shi amsa cewa ita cuta ce. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya, kuma tuni aka sanya ta a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa ciwon daji.

Ka kuma tambayi tarihin gonakin da ake ɗaukar hoto a cikinsu. Groot Constantia, wadda aka kafa a 1685, da ƙwadagon bayi aka gina ta. Bayan zamanin bauta, gonaki da yawa a yankin sun ci gaba da biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, har shaye-shaye ya zama gado a gidajensu. Har yau yankin na cikin wuraren da aka fi haihuwar yara da nakasar da shan giyar uwa mai ciki ke jawowa. Wannan ba ya cikin bayanin da mai zuba kofi zai yi maka.

Kada wani ya ce an haramta inabi ko kallon gona. Inabi ni'ima ce, ka ci ɗanyensa, ka ci zabibi, ka sha ruwansa matuƙar bai fara tsima ba. Kuma Kef Tawun ba ta rasa wurin zuwa ba: ga unguwar Bo-Kaap da Masallacin Auwal da aka kafa a 1794, ga tsibirin Robben inda aka tsare Mandela.

Idan ka ga ziyarar a jadawali, ka faɗa wa masu shiri tun da wuri, cikin ladabi, cewa addininka bai yarda ba. Galibinsu za su girmama ka, wasu ma su canza wurin. Idan kuwa ka riga ka shiga kulob, ka rubuta musu yau ka soke, ka cire katinka, kwalaben da ke gida a zubar, ba sayarwa ba kyauta. Anas ɗan Malik yana cikin zuba wa baƙi a gidan Abu Ɗalha mai shela ya sanar da haramci, nan take aka tuntsurar da tuluna har giya ta kwarara a lungunan Madina. Ba wanda ya ce bari a ƙarasa abin da aka riga aka saya.

Ƙofar tuba a buɗe take. Allah Ya tsare mana imaninmu a gida da waje, Ya shirya mu da zuriyarmu. Ka tura wa wanda ka san yana shirin tafiya.

Wallahu a'alam.