Karɓe Makami Daga Hannun Talaka: Kariya Ce Ko Ɗaurin Hannu?

Filin wannan mako zai duba wata mas'ala da ta daɗe tana raba kan jama'a a zauruka da ƙofofin masallatai, watau ko dokar da ke hana talaka riƙe bindiga tana rage kisa da fashi, ko kuwa hannunsa kurum take ɗaurewa ta miƙa shi ga azzalumi. Mazauna Goron Dutse, a yammacin birnin Kano, ba baƙi ba ne ga irin wannan gardama, domin a unguwarsu ga babban masallacin Juma'a na Khalifa Isyaku Rabi'u, Allah Ya jiƙansa, inda ake jan kunnen mutane game da alfarmar jini, ga kuma gidan yari, inda hukuma ke ajiye wanda jan kunne bai ishe shi ba.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya sani ƙasar nan ba doka ta rasa ba. Tun 1959, saura shekara guda a sami mulkin kai, aka kafa Dokar Makamai, wadda ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai na yaƙi da libarba, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai irin su bindigar farauta mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai kuma bindigar toka ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da takardarta. Da yaƙin basasa ya ƙare cikin Janairun 1970, bindigogi suka warwatsu a hannun mutane, fashi ya tsananta, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fito da Dokar Soja mai lamba 47, wadda ta ɗora hukuncin kisa kan ɗan fashi da makami. Cikin Satumban 1971 aka ɗaure Ishola Oyenusi a bakin teku a Ikko aka harbe shi, dubban mutane suna kallo. A 1984 aka sabunta dokar, har ta tanadi ɗaurin shekara goma ga wanda aka samu da bindiga ba lasisi. Amma fa shekara biyu bayan haka Lawrence Anini ya hana Jihar Bendel barci, kuma da aka je gaban shari'a sai ta bayyana cewa wani babban jami'in ɗan sanda, George Iyamu, shi ke ba shi makamai. Dukansu biyu an harbe su a 1987. Mai karatu ya riƙe sunan nan na biyu, don nan gaba maganar za ta komo kan irinsa.

Masu cewa doka ba ta tsinana kome ba suna da hujja mai ƙarfi a cikin Kano kanta. Tarzomar Muhammadu Marwa Maitatsine, wadda ta tashi daga 'Yan Awaki cikin Disamban 1980, ta ci rai 4,177 bisa ƙididdigar hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu, alhali kuwa yawancin abin da mabiyansa suka fito da shi kwari da baka ne da wuƙaƙe da takubba, ko da yake cikin wannan adadi har da waɗanda wutar sojoji ta cinye. Har wa yau, uwar da ke fargaba idan ɗanta ya wuce sallar isha bai komo gida ba, a Goron Dutse ko Dala ko Kurna, ba bindiga ce ta fi zuwa mata a rai ba. Wuƙar ɗan daba ce, da barandami, da gora, da yaron da zai soke mutum saboda wayar hannu. Suka ce kisa daga zuciya yake fitowa, suka kuma kafa hujja da labarin 'ya'yan Annabi Adamu a cikin Suratul Ma'ida, inda ɗan'uwa ya kashe ɗan'uwansa tun ba a san maƙera a bayan ƙasa ba.

Wannan magana gaskiya ce, sai dai ba ta cika ba. Mai wuƙa tilas ne ya matso, ya dubi idon wanda zai soka; ana iya guje masa, ana iya yi masa taron dangi a ƙwace, wanda ya sara kuma sau da yawa yakan kai asibitin Murtala da sauran numfashi. Mai bindiga kuwa daga nesa yake aikinsa, kafin a ankara ya gama. Kanawa sun ga bambancin da idonsu ran 20 ga Janairun 2012, lokacin da 'yan Boko Haram suka kashe mutum 185 ko fiye cikin yammaci guda, da kuma ran 28 ga Nuwamban 2014, lokacin da mutane ƙalilan ɗauke da bama-bamai da bindigogi suka hallaka masallata fiye da 100 a Babban Masallacin ƙofar gidan Sarki. Abin da ya ci wa Maitatsine dubban mabiya da kwanaki fiye da goma, waɗannan 'yan tsiraru sun yi wani kaso nasa tsakanin tayar da iƙama da sallama. Ashe ke nan doka ba ta wanke zuciya, amma tana iya gajarta hannu, kuma yawan gawawwakin da za a yi wa sutura ya danganta da tsawon hannun nan.

A ƙasashen waje ma haka abin yake. A Ostareliya, bayan da mutum guda ya harbe 35 a Port Arthur cikin 1996, gwamnati ta saye bindigogi wajen 650,000 daga hannun jama'a ta lalata, irin wannan kisan kan mai uwa da wabi kuma ya yi ƙaranci ƙwarai shekaru masu yawa. A Amurka, inda tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin riƙe makami tun 1791, bindiga ta ci rai fiye da 48,000 a 2021, fiye da rabinsu kuwa mutane ne da suka juya ta kan kansu. Sai dai Ostareliya teku ce ta kewaye ta, kuma ɗan sandanta idan an kira shi yakan zo. Ba a ɗaukar maganin wani gida a shayar da wani sai an duba cutar.

To, me Shari'a ta ce? Ba ta ɗauki makami abin da kowa zai yi yadda ya ga dama da shi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani, ya kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, domin bai san inda Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba. Lokacin da tsinin mashi ya soki ƙafar Abdullahi ɗan Umar a Mina, Hajjaju ya zo dubiya yana tambayar wanda ya aikata, sai Ɗan Umar ya ɗora laifin a kan Hajjaju kansa, don shi ne ya bari aka shigo da makami Harami a ranar da ba a ɗaukarsa. Abin lura a nan, bai nemi mai mashin ba. Shugaban da ya saki ƙofa ya kama. Daga irin waɗannan ne malaman Malikiyya suka ƙarfafa ƙa'idar saddu zari'a, watau toshe kafar da ɓarna ke biyowa, har suka hana sayar da makami lokacin fitina ga wanda ake zaton zai zubar da jini da shi. Saboda haka wanda ya ce hukuma ba ta da ikon ƙayyade bindiga, bai sami goyon bayan littattafan fiƙihu ba.

Amma Shari'ar nan dai ita ta halatta wa mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa, har ta kira wanda aka kashe a kan haka shahidi. Yadda za a haɗa biyun shi ne a gane cewa karɓe makami alkawari ne mai ɓangare biyu: talaka ya ajiye, shugaba ya tsare. Malaman tarihi sun kawo cewa gab da yaƙin Yarmuk, a shekara ta 636, da Abu Ubaida ya ga tilas ya janye rundunarsa daga Himsa, sai ya mayar wa Kiristocin garin kuɗin jiziyarsu, domin don kariya aka karɓa, ga shi kuma ba zai iya karewa ba. Idan kuɗi ya zama bashi saboda kariya ta gaza, ina ga makamin da aka raba mutum da shi?

A nan ne ciwon ƙasar nan yake. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa zuwa ƙarshen 2018 akwai makamai 178,459 da aka kasa gano inda suka shiga daga rumbunan 'yan sanda, 88,078 daga cikinsu kuwa AK-47 ne. Ga kuma waɗanda suka kwararo ta hamada bayan faɗuwar Gaddafi a Libiya cikin 2011. Ba maharbin Bunkure ne ya cika dajin Rugu da dajin Zamfara da irin waɗannan ba. Duk da haka shi ne doka ta fi saurin cimma, shi ne kuma zato ya fi faɗawa a kansa: cikin Maris ɗin 2025 aka tare mafarauta a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar komowa Kano daga Fatakwal don bikin Salla, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka kashe 16 daga cikinsu ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ganin gazawar hukuma ne ya sa Gwamna Aminu Masari na Katsina a 2021, da Gwamna Bello Matawalle na Zamfara a 2022, suka ce wa jama'a su nemi bindiga su kare kansu. Ba a zargin manomin da aka sace wa mata idan ya ji wannan kira ya amsa. Amma shugaba ya faɗi haka, tamkar mayar da jiziya ne ba tare da ya sauka daga kujera ba. Ban da haka ma, Zamfara ta riga ta ɗanɗana abin da ke biyowa: 'yan sa-kai sun taso don kare ƙauyuka, daga baya wasunsu suka shiga yanka Fulani a kasuwanni kan zato kawai, ramuwar gayya ta haifi ramuwar gayya. Birni mai cunkoso kamar Kano kuwa, inda gardamar ƙwallo ko ta siyasa kan sa a zare wuƙa, mai hankali ya auna abin da zai faru a lungunan Goron Dutse ranar zaɓe in da kowane zaure akwai bindiga a bayan ƙyaure.

Saboda haka a bar dokar nan, amma a juya mata fuska. A fara ƙirga abin da ke rumbun hukuma, a hukunta mai gadin da ya sayar kamar yadda aka hukunta Iyamu. A tsare iyaka daga Illela zuwa Jibiya da Maigatari. A kama ɗan siyasar da ke saya wa 'ya'yan wasu makami da ƙwaya. Maharbi kuma a sauƙaƙa masa yankar takardarsa a wurin Kwamishina, da sa hannun mai unguwa da sarkin baka waɗanda suka san shi suka san ubansa, don ya zama yana da abin nunawa idan an tare shi a hanya.