Gida a Bakin Kogi, Littafi a Zaure

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa matasan zango, duk inda Allah Ya siffanta Aljanna a cikin Alƙur'ani, sau da yawa Yakan haɗa gidaje da ƙoramu masu gudana. Saboda haka wanda ya samu zama a bakin Volta, ko a Yeji ko a Kete Karachi, an ɗanɗana masa ni'ima, kuma za a tambaye shi a kanta.

Mu tuna da Alhaji Umaru Karachi, haifaffen Kano. Bayan yaƙin Salaga na 1892 ya koma bakin kogin nan, yana karantarwa yana rubutu da Larabci da Hausa, har ya rasu a 1934. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya cinye tsohon garin, amma iliminsa na nan, domin almajiransa sun kwafi rubuce-rubucensa sun adana.

To mu fa? Littattafan kakanninmu na cikin akwatuna a ƙasa, gara da laima suna cin su. Mu fito da su, mu kafa musu kanta sama da ƙasa. In za mu yi gini, mu buɗe tagogi iska ta ratsa, mu bar wurin itace a tsakar gida.

Kogin ma amana ne. Musulunci ya hana ƙazantar da mashaya, ya hana ɓarnar ruwa ko wajen alwala. Masu galamsey sun gurɓata kogin Pra da Birim, kada hannunmu ya shiga ciki.

Allah Ya sa mu dace, amin.